In Tsoho Ya Kama Tari: Me Ya Sa Likita Ke Cewa A Ɗebi Jini?

Jawabin da aka yi wa iyalai a zaman wayar da kai na Paspanga, Wagadugu. An rubuta shi domin waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi.

Mun san wasu sun bar tukunya a kan wuta, wasu sun bar talla a hannun yara, don haka za mu shiga magana kai tsaye.

Kun san mu. Mu ne masu yin tafinta tsakaninku da ofishin kare haƙƙin waɗanda suka bar gidajensu. Mu ba likitoci ba ne, kuma ba mu rubuta wa kowa magani. Amma aikinmu yana kai mu asibiti kusan kowane mako, muna tsaye tsakanin mai farar riga da ke Faransanci da Baba ko Inna da ke Hausa. Abin da za mu faɗa yau mun zauna da ma'aikatan lafiya sun bi mana shi ɗaya bayan ɗaya kafin mu kawo muku.

Hunturu ya kama. Ƙura ta rufe gari, sanyin asuba yana shiga ƙashi, kuma da yawanmu muna kwana mutum takwas ko goma a ɗaki ɗaya. Daga yanzu har zuwa watan Maris, mura da tari za su bi gida gida. Yaro zai yi kwana uku yana majina ya tashi ya koma wasa. Tsohon da ke kwana a gefensa, shi ne abin damuwarmu a yau.

Bari mu fara da wani abu da ya faru a gabanmu, wanda mu ma muna da laifi a cikinsa.

A hunturun da ya wuce mun raka wani dattijo asibiti. Daga gabas suka taso shi da iyalinsa, kamar yawancinku. Ya yi kwana uku yana mura, a rana ta huɗu ya daina cin abinci, a ta biyar ya fara kiran sunan wansa da ya daɗe da rasuwa. Mutanen gida suka ce tsufa ne, wasu suka ce tunanin gida ne. A rana ta shida aka kai shi. Likita ya duba shi, ya rubuta takarda biyu: ɗaya ta magani, ɗaya ta gwajin jini. Muka fassara wa ɗansa: wannan ka kai farmasi, wannan ka kai labo. Iyakar abin da muka faɗa ke nan. Kuɗin da ke aljihun ɗan ba zai biya duka biyun ba. Ya yi lissafin da kowannenmu zai yi: magani yana shiga ciki ya yi aiki, gwaji kuwa takarda kawai za a ba ka. Ya sayi magani, ya naɗe takardar gwaji ya sa cikin hula, suka koma gida.

Bayan kwana biyu aka dawo da Baba a kwance, ba ya gane kowa. Da aka ɗebi jinin, sai ga shi ƙodarsa ta galabaita don rashin ruwa a jiki, sukarin jininsa kuma ya yi sama sosai. Ashe yana da ciwon suga shekara da shekaru bai sani ba. Ya daɗe a gadon asibiti. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya tashi, amma abin da aka kashe ya ninka kuɗin gwajin nan sau da yawa, har sai da suka sayar da ɗan abin da suka tsira da shi. Da muka zauna da ɗan daga baya, ya ce mana: kun gaya mini inda zan kai takardar, ba ku gaya mini abin da take nema ba. Gaskiya ya faɗa. Shi ya sa muka tara ku yau.

Mura iri iri ce. Akwai ƙwayoyin cuta ƙanana da ake kira bairas, waɗanda ke shiga ta hanci da maƙogwaro. Cikinsu akwai ta mura mai zafi da masu Faransanci ke ce wa girip, akwai korona, akwai wata da likitoci ke rubutawa VRS, wadda aka fi sani da kama jarirai amma tana kayar da tsofaffi ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mura mai zafi kaɗai tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a duniya kowace shekara ta hanyar ciwon numfashi, kuma tsofaffi suna cikin waɗanda ta fi ɗauka. A nan Burkina ma mun gani. An tabbatar da korona a ƙasar nan ranar 9 ga Maris 2020, kuma ba a yi kwana goma ba aka sanar da rasuwa ta farko: Rose Marie Compaoré, mataimakiya ta biyu ga shugaban majalisar dokoki, mai shekara 62, wadda ke fama da ciwon suga. Babbar mace ce mai hali, a babban birni. Shekaru da ciwon da ke jiki tun da farko sukan buɗe wa cutar ƙofa.

Abin da ke sa lamarin tsoho wuya shi ne jikinsa ba ya ƙara kamar na saurayi. Saurayi in ciwo ya kama shi, jikinsa zai yi zafi rau, kowa ya gani. Tsoho yana iya ɗauke da ciwon huhu mai tsanani jikinsa ba zafi, tarin ma kaɗan kaɗan. Sai dai ka ga ya yi shiru, ya bar abinci, yana yawan barci, ko ya faɗi a hanyar bayan gida, ko ya fara magana ba kan gado. Ga kuma halin iyayenmu na ɓoye ciwo. Inna za ta ce da sauƙi don kada ta ɗora wa ɗanta nauyi, ta san halin da ake ciki. To likita yana da tsofaffi biyu a gabansa, dukansu suna tari, dukansu sun ce da sauƙi. Ɗaya zai warke a gida da ruwa da hutu da farasetamol. Ɗayan in aka mayar da shi gida, bayan kwana biyu za a dawo da shi a kwance. Ido kaɗai ba ya raba su kullum. Jini yana taimakawa a raba su, domin jini yana zagaya huhu da ƙoda da hanta da zuciya, kuma duk inda ya bi yana ɗauko labarin wurin.

Yanzu bari mu bi takardar gwajin, domin da Faransanci ake rubuta ta, kuma gara ku san abin da kowane layi ke nema.

Na farko, za ku ga haruffa uku, NFS. Wannan ƙidayar ƙwayoyin jini ce. Tana nuna ko mutum yana da ƙarancin jini, wanda ke da muhimmanci domin jan jini ne ke ɗaukar iska daga huhu zuwa sauran jiki. Tsohon da jininsa ya yi ƙasa tun kafin ciwo, in huhu ya taɓu sai wahala ta zama biyu. Tana kuma ƙidaya fararen ƙwayoyin jini, masu yaƙi da cuta. A babban mutum mai lafiya sukan kai 4,000 zuwa 10,000 a ɗan ma'aunin da labo ke amfani da shi. Cikin fararen nan akwai iri biyu da likita ke zuba wa ido: limfosit da nitirofil. In ciwon bairas ya yi tsanani, limfosit sukan ragu. In suka sauka ƙasa da 1,000, nitirofil kuma suka hau, likita zai ƙara sa ido a kan majinyacin ko da yana zaune yana hira. A lokacin korona an ga wannan a ƙasashe da yawa: waɗanda limfosit ɗinsu suka faɗi ƙwarai sun fi shiga hali mai wuya. A cikin NFS ɗin nan kuma akwai ƙidayar ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, a takarda an rubuta plaquettes. Su ne ke sauka in zazzaɓin dengi ko na cizon sauro ya kama mutum. Waɗanda ke garin nan a 2023 sun tuna yadda dengi ta cika asibitocin Wagadugu da Bobo Julaso. Zazzaɓi da ciwon jiki a tsoho na iya zama mura, na iya zama palu, na iya zama dengi, kuma kowanne da yadda ake bi da shi.

Na biyu, CRP. Wannan wani sinadari ne da hanta ke fitarwa in wani wuri a jiki ya kumbura da ciwo. A mai lafiya ba ya wuce 5 ko 6. In ciwo ya shiga yakan fara hawa cikin sa'o'i kaɗan, ya kai ƙololuwa a wajen kwana biyu. Mura mai sauƙi ba ta cika ɗaga shi da yawa ba. In likita ya ga ya haura 100, zai yi tunanin ko huhu ya kamu sosai, ko wata ƙwayar cuta ta daban, wato bakteriya, ta hau kan murar. Daga nan ne yake yanke shawarar ko a ba da antibiyotik ko a yi hoton ƙirji. Amma CRP ba ya faɗin sunan ciwo. Palu ma yana ɗaga shi, miki a ƙafa ma yana ɗaga shi. Amfaninsa mafi girma shi ne in an maimaita. In jiya 150 ne, bayan kwana uku ya koma 60, magani yana ci. In ya ƙi sauka, sai a sake tunani. Saboda haka in aka ce a sake gwajin da aka riga aka yi, kada ku ɗauka an manta ne ko ana neman kuɗinku.

Na uku, urée da créatinine. Waɗannan biyun labarin ƙoda suke bayarwa. Datti ne da ƙoda ke tacewa ta fitar cikin fitsari. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, in kuma ba shi da lafiya sai ya ƙara rage shan ruwa, wani ma da gangan don kada ya tashi fitsari da dare cikin sanyi. Numfashi da sauri da busasshiyar iskar hunturu suna ƙara kwashe ruwan jiki. Sai ƙoda ta rasa ruwan aiki, dattin ya taru a jini, mutum ya fara ruɗewa. Wannan shi ne abin da ya sami dattijon da muka ba ku labarinsa. Abin farin ciki a nan shi ne, in an gano da wuri, ƙarin ruwa yakan gyara shi. Kuma likita yana buƙatar sanin halin ƙoda kafin ya ba da wasu magunguna, domin adadin da zai warkar da mai lafiyayyar ƙoda yana iya cutar da wanda tasa ta raunana.

Na huɗu, glycémie, wato sukarin jini. Ɗigo ɗaya ne a yatsa, sakamako nan take. Mutane da yawa suna da ciwon suga ba su sani ba, wasu kuma sun sani amma maganinsu ya yanke tun ranar da suka bar gida. Ciwon numfashi yana hargitsa sukari, yana iya hawa ƙwarai, yana iya faɗuwa ga wanda ke shan magani bai ci abinci ba.

Akwai na biyar da ba a yi a kowane labo, ana rubuta shi D-dimères. Yana nuna ko jini yana daskarewa a cikin jijiya. A watan Maris 2020 likitocin birnin Wuhan na ƙasar Sin sun fitar da bayani a mujallar Lancet kan majinyata 191 da aka kwantar da korona, 54 cikinsu suka rasu. Abubuwan da suka fi bambanta waɗanda suka rasu da waɗanda suka tashi sun haɗa da yawan shekaru da hawan wannan sinadari tun ranar shiga asibiti. Gwaji ne mai tsada, kuma tsufa kaɗai yana ɗaga shi kaɗan, don haka likita ba ya nemansa ga kowa. In bai rubuta muku shi ba, ba tauye ku ya yi ba.

Kafin a kai ga allura ma, akwai ɗan abin da ake maƙala wa majinyaci a yatsa, mai nuna yawan iskar oksijin a jini. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa sama. Ƙasa da 90 yana nufin mutum na buƙatar a sa masa iska, ko da bakinsa yana cewa lafiya lau. Wani bincike da aka yi a Mishigan ta Amurka a 2020 ya nuna cewa na'urar tana iya nuna adadi sama da na gaskiya a jikin baƙar fata. Yatsa mai sanyi da lalle mai duhu ma suna iya ruɗa ta. Saboda haka in na'ura ta ce lafiya, amma kuna ganin Baba yana haki, ku faɗa wa likita abin da idonku ya gani.

Likita ba ya duba layi ɗaya ya yanke hukunci. Haɗawa yake yi. Akwai wani lissafi da likitocin Ingila suka fitar a 2003 bayan sun bi majinyata fiye da 1,000 masu ciwon huhu a Ingila da Holan da Niyu Zilan. Ana kiransa CURB 65, kuma har yau ana amfani da shi a asibitoci da yawa. Abu biyar ake dubawa, kowanne maki ɗaya: ruɗewar hankali wadda ba a saba gani ba, hawan urée a jini, numfashi sau 30 ko fiye a minti ɗaya, faɗuwar awon jini, da shekara 65 ko fiye. Mai maki sifili ko ɗaya yawanci ana iya yi masa magani a gida. Mai biyu gara a kwantar da shi ko a sa masa ido sosai. Mai uku zuwa sama ciwonsa mai tsanani ne. A binciken nan, cikin masu maki sifili ko ɗaya, waɗanda suka rasu cikin wata guda ba su kai 2 cikin 100 ba. Cikin masu biyu, kusan 9. Cikin masu uku zuwa sama, kusan 22.

Muna so ku riƙe abu biyu daga wannan lissafi. Na ɗaya, cikin abubuwa biyar ɗin nan, uku kuna iya ganinsu a gida ba da ko sisi ba: shekaru, ruɗewa, da saurin numfashi. Na biyu, ko a rukunin da ya fi kowanne tsanani, kusan 78 cikin 100 sun rayu. Mun faɗi haka ne domin mun sha ganin iyali sun ji an ce sakamako bai yi kyau ba, sai gwiwarsu ta yi sanyi, su ce a ba su tsohonsu su kai shi gida tunda lokaci ya yi. Takardar labo ba ta san ranar kowa ba. Abin da take cewa shi ne wannan mutum yana buƙatar gado da iska da ƙarin ruwa yau, ba gobe ba. Ranar da sakamako ya yi muni ita ce ranar da zaman asibiti ya fi amfani.

Game da shekara 65 ɗin nan, ku sani a ƙasashen Turawa aka auna ta. Da yawa cikin iyayenmu takardarsu cewa ta yi an haife su wajen shekara kaza, ba rana ba wata. Wanda ya yi tafiyar kwanaki a ƙafa, ya yi watanni yana cin abinci sau ɗaya a rana, jikinsa na iya tsufa ya wuce abin da takarda ta faɗa. Ku gaya wa likita gaskiyar halin da aka shiga: ya rame tun yaushe, yana iya tafiya masallaci ko kasuwa da kansa kafin ciwon nan ko ba ya iyawa, wane magani yake sha a da.

Yanzu ga tambayoyin da kuka fi yi mana.

Wasu suna cewa, tsoho ba shi da jini, in aka ɗiba ba zai ƙarasa shi ba? Babban mutum yana da jini wajen lita 5 a jikinsa. Kwalbar gwaji ɗaya ba ta wuce cikin ƙaramin cokalin shayi ba, wato wajen mililita 5. Ko uku aka cika, babban cokali ɗaya ne. Mai ba da gudummawar jini ana ɗibar masa mililita 450 ya tashi ya tafi gida. Abin da ake ɗiba don gwaji jiki ba ya ma jin rashinsa.

Wasu suna tambaya ko sayar da jinin ake yi, ko wani abu ake yi da shi. Mun shiga labo da ƙafarmu mun gani. Ana sa kwalbar a na'ura, ana karanta sakamako, sauran a zubar tare da sharar asibiti. Jinin da ake ƙara wa majinyata daban ne, daga masu ba da gudummawa yake zuwa, cikin jaka ta musamman.

Wasu suna cewa sai da safe kafin a karya ake gwaji, don haka a bari sai gobe. NFS da CRP da gwajin ƙoda ba su buƙatar a zauna da yunwa. In likita ya rubuta da yamma, a yi da yamman.

Sai babbar tambaya, ta kuɗi. Ba za mu ɓoye muku ba: kulawar kyauta da gwamnatin Burkina ta fara a 2016 ta shafi yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu ciki, tsofaffi ba su cikinta, kuma farashin gwaji ya bambanta daga labo zuwa labo. In aka ba ku takarda biyu kuɗinku na ɗaya ne, kada ku zaɓa da kanku a bakin ƙofa. Ku koma ciki ku ce wa likita: abin da ke hannunmu ke nan, wanne ya fi gaggawa? Talauci ba abin kunya ba ne a gaban likita, kullum yana gani. Sau da yawa zai iya rage jerin zuwa biyu ko uku mafi muhimmanci, ko ya canza magani zuwa mai sauƙin kuɗi. Manyan asibitoci suna da ofishin taimakon marasa hali, ku tambayi inda Action sociale take. Ku zo da takardar rajistarku, ta CONAREF ga 'yan gudun hijira daga wata ƙasa, ko shaidar rajistar da Action sociale ta yi wa waɗanda suka taso daga cikin Burkina. Ku kuma sanar da mu tun ranar farko. Ba mu yi muku alkawarin biyan komai ba, domin abin da ofis ke iya yi yana da iyaka, amma za mu raka ku, mu fassara, mu nuna muku ƙofar da ta dace.

Ku san kuma matakan asibiti. A CSPS ta unguwa ake farawa. Can za a auna zafin jiki da awon jini, a yi gwajin palu na yatsa. Yawancinsu ba su da labo mai yin sauran gwaje gwajen, shi ya sa majo zai ba ku takardar turawa zuwa babbar cibiya ko CMA, in ciwo ya yi tsanani kuma zuwa babban asibiti irin Yalgado Ouédraogo da ke nan kusa da mu. Takardar turawa ba kora ba ce. Ku riƙe ta, ku tafi a ranar.

Akwai abin da muke roƙonku ku bari. Kada a saya wa tsoho magani a faranti ko a bakin kasuwa. Antibiyotik ba ya kashe bairas, kuma in an sha rabi rabi kafin a zo asibiti yana rikita wa likita hoton ciwon. Magungunan ciwon jiki irin diklofenak da ibuforofen suna ƙara wa ƙodar da ta rasa ruwa nauyi, in kuma dengi ce suna iya jawo zubar jini. Ga kuma deksametazon, wanda wasu ke sha don ƙiba ko ciwon gaɓoɓi. Wani babban gwaji da aka yi a Ingila a 2020 ya nuna yana rage mutuwa ga masu korona da aka sa wa iska, amma bai amfani waɗanda ba su buƙatar iska ba. Yana kuma ɗaga sukarin jini. A hannun likita yake da amfani, bayan ya ga awon iska da na sukari.

To me za ku yi a gida daga yau? Duk gidan da ke da tsoho, a sa mutum ɗaya ya zama mai lura da shi in mura ta shigo. Safe da yamma, lokacin da yake kwance a natse, ku kalli ƙirjinsa ku ƙidaya numfashi na minti ɗaya da agogon waya. Mai lafiya yakan yi 12 zuwa 20. In ya wuce 24 ku kai shi a duba a ranar. In ya kai 30, ko ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja iska, ko ya ruɗe, ko ba ya tashi daga barci da sauƙi, ko yana jin ciwo a ƙirji, ko ya wuni bai yi fitsari ba, ko ya kasa shan ruwa, kada a jira gari ya waye. Ku riƙa miƙa masa ruwa da kunu da romo ko bai nema ba. Yaron da ke mura a matsar da shimfiɗarsa nesa da ta kaka gwargwadon yadda ɗaki ya ba da dama, a buɗe taga da rana, kuma kada a kwana da gawayi a rufaffen ɗaki. Tarin da ya wuce mako biyu, musamman da rama da zufar dare, a je a yi gwajin tarin fuka. Maganinsa kyauta ne a ƙasar nan.

Ku duba maƙwabta ma. Akwai tsofaffi a cikinmu da suka iso su kaɗai, 'ya'yansu sun rasu ko hanya ta raba su. Wasu kakanni ne da ke riƙe da jikoki, babu wani babba a ɗakin da zai ƙidaya musu numfashi. In kun kwana biyu ba ku ga wata Inna a bakin famfo ba, ku leƙa, ku kuma faɗa mana.

Abu na ƙarshe, haƙƙinku. Kafin a ɗebi jini, majinyaci yana da ikon a gaya masa abin da ake nema da shi, cikin harshen da yake ji. Tsufa ba ya ƙwace wa mutum wannan iko. In hankalinsa na nan, shi za a tambaya, ba a yi magana a kansa kamar ba ya wurin ba. Sakamako sirrinsa ne. Mu masu tafinta abin da muka ji a ɗakin likita a nan muke barinsa, kuma in Inna ta fi son mace ta fassara mata, ta faɗa, za a nemo. Takardar sakamako taku ce. Ku sa ta cikin leda tare da karnen asibiti da takardun rajista, wanda ke da waya ya ɗauki hotonta. Mu da ba mu san inda za mu kasance baɗi ba, takardar nan ita ce za ta gaya wa likitan wani gari yadda ƙodar Baba da sukarinsa suke a bana. In an miƙo muku sakamako, ku yi tambaya uku kafin ku tashi: wane layi ne bai yi daidai ba, me za a yi a kai, kuma yaushe za mu dawo?

Mu ma mun ɗauki namu darasin. Daga yanzu duk takardar gwajin da ta bi ta hannunmu, sai mun tambayi likita abin da take nema mun faɗa muku da Hausa. In muka manta, ku tsayar da mu.

Wanda ke da tambayar da ba ya son yi a gaban jama'a, muna nan bayan an tashi. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raba iyayenmu da sharrin wannan sanyi, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.